A bambanta "kashewa" da "warewa" a labaran kasafin kuɗi

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi tsokaci a kan yadda ake amfani da kalmar "kashe" a labaran kuɗin gwamnati.

A bakin Bahaushe, abin da aka kashe ya ƙare ke nan, ko wuta ce, ko ƙishirwa, ko aure. Haka abin yake ga kuɗi. Idan magidanci ya ce ya kashe dubu biyar a cefane, to kuɗin sun bar aljihunsa, sun koma hannun mahauci da mai kayan miya, kuma uwargida za ta ga shaida a cikin kwando. Kalmar ba ta ɗauke da zargi, domin ana cewa ɗa ya kashe wa mahaifiyarsa kuɗi a asibiti a yaba masa. Wanda ya wuce gona da iri shi ake cewa ya yi almubazzaranci ko facaka.

Abin da ke damuna shi ne yadda wasu masu rubuta kanun labarai kan ce gwamnati ta kashe biliyoyin naira a kan ilimi ko lafiya, alhali kuwa ware kuɗin kawai aka yi a takarda. Tsakanin warewa da kashewa akwai tafiya mai nisa: sai majalisa ta amince, shugaba ko gwamna ya sa hannu, baitulmali ya saki kuɗin, sannan ma'aikata ta biya ɗan kwangila. Kasafin tarayya na 2024, wanda aka sa wa hannu a kan naira tiriliyan 28.7, ya ishe mu misali, domin sai da majalisa ta tsawaita wa'adin aiwatar da manyan ayyukansa zuwa cikin 2025. Talakan da ya karanta cewa an kashe kuɗi a makarantar garinsu, ya je ya tarar da yara zaune a ƙasa, zai ɗauka an yi kashe-mu-raba ne, ko da kuwa ko kwabo bai fita ba tukuna.

Ita ma "laƙume" da ake yawan sa wa ayyukan hanya, kalma ce ta haɗama, mai yanke hukunci tun kafin bincike. "Aikin zai ci kuɗi kaza" ya wadatar.

Ina roƙon wakilanku su riƙa tambayar jami'ai ko ware kuɗin aka yi, ko sakinsu, ko kashe su, sannan su rubuta wanda aka faɗa musu.

Naku,
Wani mai karatu daga Zariya