Rahoton Kwamitin Gyaran Rufin Makarantar Islamiyya da Datse Rassan Harabarta, Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam Liman, da dattawan unguwa, da iyayen yara, da 'yan'uwanmu na Zango mazauna Accra da ƙasashen waje waɗanda suka aiko da gudummawarsu. Aikin da kuka ɗora mana ya kammala da ikon Allah. An sake rufin azuzuwa uku, yara sun koma karatu a ciki, an rage rassan darbejiya biyu da mangwaro ɗaya da ke harabar, kuma makaranta ta mallaki zarto mai inji mai doguwar sanda. A kan zarton nan aka fi yi mana tambaya, wasu ma da ɗan zafi, don haka a kansa za mu fi tsayawa.

Kowa ya san yadda abin ya faro. Iskar da ta zo da ruwan farkon damina ta karya reshen darbejiya cikin dare, ya faɗo kan aji na biyu, ya lotsa kwano ya karya katako. Allah Ya kiyaye ba kowa a ciki. Da kafinta ya hau ya duba, sai ya sauko da labarin da ya fi reshen nauyi: rufin ya daɗe da mutuwa. Ganyen mangwaro ya taru a kan kwano shekara da shekaru yana riƙe danshi, tsatsa ta ci ta huda, ƙananan rassa kuma suna goga kwanon duk lokacin da iska ta kaɗa. Ruwa ya riƙa sauka kan katako, gara ta ƙarasa sauran. Ya gaya mana ƙiri-ƙiri cewa in muka ɗora sabon kwano muka bar rassan yadda suke, mu shirya sake tara kuɗi nan da 'yan shekaru.

Aikin rufin kansa bai zo da gardama ba. Mun sayo katakon dahoma daga Sokoban, muka ƙi katakon wawa duk da arharsa, domin gara ba ta raga masa. An shafe katakon da maganin gara kafin a ɗora, an ƙara wa rufin gangara don ganye ya riƙa zamewa, an sa kwanon aluzink, an kuma sa indararo ta gefen rijiya.

Gardamar tana wajen bishiyoyin. A zaman farko mutane da yawa sun ce a tumɓuke su duka a huta. Ba mu ga laifinsu ba. Wani dattijo ya tuna mana abin da ya faru a Kintampo a watan Maris na 2017, lokacin da bishiya ta faɗo wa masu wanka a magangarar ruwa, akasarinsu ɗalibai, aka yi asarar rayuka. Wanda yake da ɗa a makarantar nan dole gabansa ya faɗi. Amma malamai mata suka tashi suka ce ƙananan yara masu allo ba su da aji sai inuwar nan, kuma a watan Fabrairu da Maris, in babu ita, ba mai iya zama a harabar bayan hantsi. Malam Liman ya kawo hadisin da ke cewa duk musulmin da ya dasa bishiya, mutum ko tsuntsu ko dabba ta ci daga gare ta, sadaka ce gare shi. Waɗanda suka dasa waɗannan sun riga mu gidan gaskiya, ladansu yana gudana. Ga shi kuma a 2021 gwamnati ta fara kiran a dasa bishiyoyi a shirin Green Ghana, sannan sare babbar bishiya a cikin gari sai da izinin hukuma. Aka tsaya a kan a bar su, amma a riƙa rage su kowace shekara.

To wa zai rage su, kuma da me? Abin da muka saba shi ne a samu saurayi mai ƙarfin hali ya tuɓe takalmi ya hau da adda, hannu ɗaya riƙe da reshe ɗaya yana sara, mutane a ƙasa suna yi masa kirari. Kwamiti ya ce wannan ya ƙare a harabar makarantarmu. Ba mu da abin da za mu gaya wa uwar yaro in ya faɗo. Ɗauko mai babban zarto na haya kuma, zuwa ɗaya yake yi, kuma don kada a sake kiransa da wuri sai ya yi wa bishiya ƙwal-kwabo. Darbejiya in aka yi mata haka, tohon da take fitarwa yawa ne da shi kuma ba ƙarfi a gindinsa, shi ne wanda iska ke ɓallewa bayan shekara biyu ko uku. Abin da muke bukata shi ne kayan aikin da mutum zai tsaya da ƙafafunsa a ƙasa ya yanke reshen da ke sama, kaɗan-kaɗan, duk shekara.

Iri uku muka tarar a shagunan Adum. Akwai mai waya da ake jonawa da wutar gida. Shi ya fi arha da rashin nauyi, amma duk wanda ya rayu a shekarun dumso, lokacin yawan ɗauke wuta, ya san ba a ɗora aiki a kan wutar da ba ta yi alkawari ba, ga kuma jan doguwar waya a harabar da rassa ke faɗowa. Muka wuce shi. Akwai mai batir. Gaskiya ya burge mu: ba hayaƙi, ba ƙara sosai, ana danna shi ya tashi. Magidancin da ke da mangwaro ɗaya a tsakar gida, wannan za mu ce ya saya. Matsalarsa a wajenmu ita ce batirin kowane kamfani nasa ne shi kaɗai, na Makita ba ya shiga na Ingco, kuma aikin yini yana son batir biyu, na biyun kuwa kuɗinsa ba kaɗan ba ne. Sai mai fetur. Ya fi nauyi, ya kai kilo 7 ko ya ɗara, yana da ƙara da hayaƙi, amma ƙaramin inji ne irin wanda masu gyara a Suame Magazine suke kwancewa su ɗaure kullum. Shi muka ɗauka.

Tambayar da ta raba mana gardama a shago ba ta tsawon sanda ba ce. Kowane mai shago mun ce ya nuna mana sarƙa, da harshen da sarƙar ke zagayawa, da falogi, da magagarin wasa haƙora, a hannunsa, ba wai za a kawo ba. Wanda ya ce za a kawo, muka yi masa sallama. Mai niyyar saye ya kuma lura da tsawon da ake rubutawa a kwali, domin sau da yawa an haɗa da tsayin mutumin da ke riƙe da shi. A auna sandar kanta. Tamu tana zugewa ta kusa mita 4, harshenta santimita 30, tana zuba wa sarƙa mai da kanta, kuma ta zo da maratayi na kafaɗa. Maratayin nan kada a raina shi. Nauyin da ke can ƙarshen doguwar sanda ba ɗaya yake da nauyin da ke tafin hannu ba, minti goma sun isa su gaya wa kafaɗa haka.

Samari uku muka zaɓa, kuma Allah Ya haɗa mu da wani dattijo a cikinmu, wanda muke kira Baba, da ya yi shekaru yana aikin katako a wajen Goaso. Shi ya koyar da su, kuma bai bar kowa ya tada injin ba sai da ya iya haɗa mai. Injin irin wanda ake gauraya wa fetur da man inji ne, kashi 50 na fetur da kashi 1 na mai, wato mililita 100 a lita 5. Fetur zalla yana kashe shi a yini ɗaya. Man sarƙa kuma tankinsa daban, kuma Baba ya hana a zuba baƙin man da aka juye daga mota, domin dattin da ke ciki yana cinye famfo da harshe. Kafin kowane aiki a duba sarƙa: kada ta yi lako-lako a ƙarƙashin harshe, kada kuma ta ɗame har ta ƙi jawuwa da hannu mai safa. In zarto ya fara fitar da gari maimakon ɓarɓashi, haƙora sun dakushe, a kashe a wasa.

Ranar Alhamis muka yi aikin, da yake ba karatu. Muka kewaye wurin da igiya, ba mai matsowa ƙasa da mita 15 sai mai yanka, da mutum ɗaya da ke tsaye nesa yana kallon sama yana kuma korar yara. Mai yanka yana sanye da hular kwano, da tabarau, da abin toshe kunne, da safar hannu, da takalmi rufaffe. Silifa ba ta shiga cikin igiyar. Ba a tsayawa ƙarƙashin reshen da ake yanka. Sanda a karkace take, kada ta miƙe ta wuce digiri 60 daga ƙasa, don abin da aka yanke ya faɗi a gabanka, kuma tun kafin ka fara ka san inda za ka ja da baya, ka share wurin. Hawa tsani da wannan zarto kuwa haramun ne a dokar kwamiti. In sanda ba ta kai ba, reshen ba nata ba ne. Haka kuma ba a taɓa itace da ƙarshen harshe ta sama, nan ne zarto ke tsalle ya dawo da ƙarfi.

Yadda ake yanke reshe shi ne abin da ya fi ba samarin mamaki, har mu ma. Mun ɗauka a ɗora zarto a sama ne a danna har ya faɗi. Baba ya ce in aka yi haka, kafin a gama nauyin reshen zai karya shi, ya saɓule ɓawo ya tafi da shi har jikin kututture, nan ne ruwa zai shiga ruɓa ta fara, kuma bishiyar da ta ruɓe a ciki ita ce mai faɗowa ba sallama. Yanka uku ake yi. Na farko daga ƙasa, kamar taƙi ɗaya da rabi daga jikin bishiya, a shiga kashi ɗaya cikin uku na kaurin reshen a tsaya. Na biyu daga sama, a ɗan gaba da na farkon ta wajen ganye, har reshen ya faɗi. Ɓawon zai tsaya a inda aka yi yankan ƙasa. Na uku shi ne cire guntun da ya rage. A gindin kowane reshe akwai wani kumburi kamar wuyan riga, a yanka dab da shi ta waje, kada a taɓa shi, domin daga nan bishiya ke rufe ciwonta. Ba a shafa fenti, ba a shafa baƙin mai. Dogon reshe kuma gunduwa-gunduwa ake sauke shi daga ƙarshe. Ba a danna zarto, nauyinsa ya isa. Kuma ba mu cire fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ganyen kowace bishiya ba, shi ya sa har yanzu akwai inuwa.

Wuri biyu muka ajiye zartonmu. Na farko, rassan da suka kusanci wayar wuta ta kamfanin ECG da ke bakin titi. Sandar ƙarfe ce, ba ta tare wuta, ɗanyen reshe ma yana ɗaukar wuta, kuma babbar waya ba sai an taɓa ta ba take kama mutum. Takardar da ta zo da zarton ta ce a nisanci waya da mita 15. Wasu samari sun ce ai reshe biyu ne kawai, minti biyar an gama. Muka ce da muguwar rawa gara ƙin tashi, muka kai rahoto ofishin wuta muka bar wa ma'aikatansu. Muna roƙon kowane gida a Aboabo da Asawase ya riƙe wannan ko da ya manta sauran. Na biyu, babban reshen mangwaro da ya kwanta kan aji na uku, wanda kaurinsa ya fi ƙarfin harshen santimita 30. Shi muka biya gwani mai igiya da ɗamara ya sauke shi a hankali. Duk yankan nan an gama shi kafin a ɗora sabon kwano ko ɗaya, bisa shawarar kafinta.

Ba wanda ya ji rauni, alhamdu lillahi. Sau ɗaya reshe ya matse sarƙa, aka kashe inji aka ɗaga reshen da gora har ta fita. Ɗaya daga cikin samarin kuma ruwan mangwaro ya taɓa masa wuya ya yi ƙaiƙayi, tun daga nan riga mai dogon hannu ta shiga doka.

Fiye da rabin kuɗin da aka tara ya tafi a kwano da katako, sai ladan kafintoci, sai zarto da kayan kariya. Itacen da aka sauke an sayar wa masu koko da masu wake da shinkafa, kuɗin ya shiga asusun mai da sarƙa. Ma'aji zai karanta lissafin dalla-dalla bayan sallar Juma'a, rasitai kuma suna wurinsa ga duk mai son dubawa.

Zarton yana ɗakin ajiya na makaranta, mabuɗi a hannun ma'aji. An juye man da ke cikinsa, domin gaurayen fetur in ya wuce wata guda yana toshe inji. Masallaci ko gidan da ke bukata ya sanar da kwamiti, amma ba ma ba da aron zarto shi kaɗai: yana tafiya ne tare da ɗaya daga cikin samarin nan uku, mai gida ya sayi mai ya kuma sallami yaron. Datsewa ta gaba a cikin hunturu za a yi ta, tsakanin Disamba da Janairu, kafin iskar farkon damina. Abin da ya rage bai kammala ba shi ne silin na aji na uku da tagogi biyu, kuma za a kawo maganarsu a zama mai zuwa.

Allah Ya saka wa kowa da alheri, Ya jiƙan waɗanda suka dasa, Ya tsare mana yaranmu.

Sakatare, a madadin Kwamitin Gyara