Wasiƙa Zuwa Ga 'Yata Kan Karatun Nukiliya a Samaru

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, hidimar ƙasa kuma tana ƙarewa lami lafiya. Mu nan Tudun Wada kowa ƙalau.

Mahaifiyarki ta ce kina jan ƙafa kan gurbin digiri na biyu da kika samu a Cibiyar Binciken Makamashi ta Jami'ar Ahmadu Bello, wai gwaggonninki sun tsorata ki da cewa bam ake haɗawa a ciki, kuma tiririnsa na hana mace haihuwa. Ƙauna ce ta sa suka faɗa, kada ki yi musu musu. Amma ni da na tsufa da alli a hannu ina koyar da kimiyya, wajibi ne in gaya miki abin da ke ciki.

Tukunyar nukiliya, wato na'urar da ke cikin cibiyar, ba ta ƙona komai. A ma'adinin yuraniyam, irin wanda ake haƙowa a Arlit ta Nijar, akwai nau'i mai lamba 235, wanda bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kusan 0.7 ne. Idan niyutiron, wani ɗan ƙanƙanin ɓangare na ƙwayar zarra, ya daki ƙwayar zarrarsa sai ta tsage biyu, ta fitar da zafi da wasu niyutiron biyu ko uku, su ma su daki na kusa da su. Gwanintar duka ita ce a tabbatar ɗaya tak daga cikinsu ya haifar da tsagewa ta gaba. Ruwan da ke kewaye da makamashin yana rage musu gudu, yana kuma kwashe zafi. Sai sandar sarrafawa mai shanye niyutiron: a zura ta ciki aiki ya lafa, kamar yadda kike janye itace daga murhu idan tuwo zai kama.

Bambancin wutar lantarki da makami yana wajen tacewa, wato ƙara yawan nau'in 235 a cikin yuraniyam. Tashoshin lantarki, kamar Koeberg ta Afirka ta Kudu, suna amfani da yuraniyam da aka tace zuwa kashi 3 zuwa 5. Makami kuwa sai wajen kashi 90. Tukunyarmu ta Zariya, NIRR-1, ƙirar Sin ce, ta fara aiki a 2004, ƙarfinta kilowat 30 da ɗoriya ne kacal, ko lantarki ba ta bayarwa. Gaskiya ne da farko makamashi mai tacewar kashi 90 ta zo da shi, amma a 2018, tare da hukumar nukiliya ta duniya, aka sauya shi da mai kashi 13, aka mayar da tsohon ƙasar Sin. Ki riƙe wannan don ranar da za a tambaye ki.

Abin da ya fi burge ni shi ne aikinta. Ana sa ɗan garin ƙasa, ko hatsi, ko dutse a ƙaramin mazubi, a tura shi kusa da tsakiyar tukunyar, niyutiron su ratsa shi, sannan a auna hasken da yake fitarwa a gane sinadaran da ke ciki, komai ƙanƙantarsu. Manomi da mai haƙar ma'adinai duk suna buƙatar wannan amsa, kuma ina so 'yata ta kasance cikin masu ba da ita.

Ban ce babu haɗari ba. Tiririn nukiliya ba a ganinsa, ba a jin warinsa, shi ya sa aka kafa ƙa'ida uku: taƙaita lokaci kusa da shi, ba shi tazara, sa kariya a tsakani. 'Yar na'urar auna tiriri da za a maƙala miki a ƙirji, kada ki shiga ba tare da ita ba, kada ki ba wani aro. Kada ki ci ko ki sha a ɗakin gwaji. Duk abin da kika karanta a ma'auni ki rubuta shi yadda yake, ko da bai yi wa malaminki daɗi ba. A Chernobyl ta Ukraine, inda tukunyar nukiliya ta fashe a 1986, bayan aibin ƙirar tukunyar, an kashe wasu na'urorin kariya ne lokacin gwaji. Idan Allah ya kawo aure da juna biyu, ki sanar da jami'in kariya da wuri, akwai tsari na musamman ga mai ciki.

Ki yi istihara, ki karɓi gurbin. In kin zo hutu ki taho da takardar, mu je Samaru tare ki ga wurin da idonki. Gwaggonninki kuma ki bar ni da su.

Allah ya yi miki albarka.

Naki,
Baba