Cikar titi ba ita ce cikar akwatin zaɓe ba

Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan fafutukar gyaran aikin 'yan sanda a Amurka. Ina bibiyarta tun ranar 25 ga Mayu, 2020, da ɗan sanda Derek Chauvin ya danne wuyan wani baƙar fata, George Floyd, da gwiwa a Minneapolis har rai ya yi halinsa. Ni dai na kasa kallon bidiyon nan har ƙarshe. Da na ga miliyoyin mutane sun kwararo kan tituna, na ce wa ƙanena magana ta ƙare, gyara ya zo. Ashe ban san dawan garin ba.

A Nuwamban 2021 aka tambayi mutanen Minneapolis ɗin ko a maye gurbin rundunar 'yan sandan birnin da sabuwar ma'aikatar tsaron jama'a. Kashi 56 cikin ɗari suka ce a'a. Abin da ya fi ɗaure mini kai, unguwannin arewacin birnin, inda baƙar fata suke da yawa, su ma a'a suka ce. Sai da na nutsu na gane dalili. A 2020 kisan kai ya ƙaru da kusan kashi 30 cikin ɗari a ƙasar. Uwar da ƙarar bindiga ke hana ta barci, ɗan sandan da zai zo da wuri kuma ba zai ci zarafin ɗanta ba take nema. Sai aka zo mata da taken "a yanke wa 'yan sanda kuɗi". Don Allah, haka ake neman ƙuri'ar mai jin tsoro?

Can, a yawancin jihohi, zaɓen mai gabatar da ƙara ake yi kamar na kansila, kuma nan masu son gyara suka fi sa rai. Amma cikin masu gabatar da ƙara masu ra'ayin gyara, mutanen San Francisco suka yi wa Chesa Boudin kiranye a 2022, George Gascón ya sha ƙasa a Los Angeles a 2024. Larry Krasner ne ya tsira da kujerarsa a Philadelphia. Ƙudirin dokar gyaran aikin 'yan sanda da aka raɗa wa sunan Floyd kuwa, ya tsallake majalisar wakilai a Maris 2021, ya maƙale a majalisar dattawa.

Ƙanena har yau yana yi mini tsiya da maganar nan tawa, ni kuwa ba ni da ta cewa.

Naka,
Wani mai karatu