Amsa ga Alhaji Ma'aji a Kan Ayyuka Tara na Ƙungiyarmu

Assalamu alaikum, ranka ya daɗe.

Bayan gaisuwa da fatan an yi Sallah lafiya, na rubuto ne a kan tambayar da ka yi mini gaban jama'a a taron ƙungiyar ci gaban garinmu, washegarin Sallah, a filin firamare. Na kawo shawarar cewa cikin ayyuka tara da ƙungiya ta buɗe a dakatar da shida, a tattara kuɗi da ma'aikata a kan uku har sai sun ƙare. Ka miƙe ka ce: "Injiniya, kullum kai ne mai kukan ana ɓarnar dukiya a ayyukan da aka watsar. Yau kuma kai ne kake cewa mu watsar da shida da hannunmu. Kuɗin jama'a da muka riga muka zuba a cikinsu fa? Ta ina tsayar da aiki yake rage kashe kuɗi?" Jama'a suka yi maka tafi, ni kuwa na yi ta kame-kame har aka kira la'asar. Tun da a bainar jama'a ka tambaya, ya kamata amsar ma kowa ya gani.

Tsoronka yana kan hanya. Shekara da shekaru kana riƙe da littafin asusun nan, ka san kuɗin wace bazawara da wane ɗan acaɓa ne a ciki, kuma ba ka so a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Amma ina roƙonka ka zagaya ka duba ayyukan nan tara da idonka. Ɗakin shan magani ya kai linta tun bara, damina biyu ke nan tana dukan bulonsa. Katangar maƙabarta an yi rabi. Azuzuwa biyu na Islamiyya babu rufi. Rijiyar burtsatse an haƙa, babu tanki. A takarda duka tara "ana kan aiki". A ƙasa kuwa babu ko ɗaya da mutum zai shiga ya amfana. Ranka ya daɗe, ayyukan nan sun riga sun tsaya. Abin da ya rage kawai shi ne ba wanda ya yarda ya faɗa da bakinsa.

Wannan cuta ba a garinmu ta fara ba. A 2010 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa kwamitin tantance ayyukan gwamnatin tarayya a ƙarƙashin Ibrahim Bunu, tsohon ministan Abuja. Da kwamitin ya miƙa rahotonsa a 2011, ya ƙirga ayyuka 11,886 da aka fara ba a gama ba, ya ce ana buƙatar naira tiriliyan 7.78 kafin a kammala su. Kasafin kuɗin tarayya gaba ɗaya na waccan shekarar, har da albashi da biyan bashi, bai kai tiriliyan biyar ba. Abin lura a nan shi ne yawancin ayyukan nan ba zama aka yi aka yanke hukuncin kashe su ba. Kowace shekara ana yayyafa wa kowanne ɗan abin da zai sa sunansa ya ci gaba da fitowa a kasafi, ana kuma buɗe sababbi a kansu. Kamfanin ƙarafa na Ajaokuta, wanda aka ba wani kamfanin Tarayyar Sobiyet aikinsa a 1979, tun 1994 ake cewa ya kai kashi 98 cikin ɗari, amma har yau babbar tukunyar narka tamarsa ba ta fara aiki ba. Kashi 98 na masana'antar da ba ta aiki, amfaninsa ɗaya da kashi goma. Ka kwatanta da layin dogo na Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, wanda gwamnati ɗaya ta yi yawancin aikinsa, wata ta zo ta ƙarasa ta buɗe shi a watan Yulin 2016. Tun daga lokacin ya fara ɗaukar mutane.

Abin da na kawo a taro yana da suna a wurin masana, suna ce masa tafiyar da kundin ayyuka. Ma'anarsa a daina duban kowane aiki shi kaɗai, a shimfiɗa su duka a tabarma ɗaya, a ajiye kuɗin da ake da shi da mutanen da ake da su a gefe, sannan a tambaya: wanne za a yi yanzu, wanne zai jira, wanne za a haƙura da shi? Asalin tunanin daga kasuwar hannun jari ya fito. A 1952 wani Ba'amurke, Harry Markowitz, ya nuna da lissafi cewa ba a auna kyawun hannun jari ɗaya sai an duba yadda yake zama da sauran da ke cikin jakar mai shi, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1990. Daga baya kamfanoni da gwamnatoci suka ɗauko shi suka ɗora a kan ayyuka. Gwamnatin Birtaniya ta kafa hukumar sa ido a kan manyan ayyukanta a 2011, daga baya aka riƙa fitar da rahoto duk shekara, kowane aiki da launinsa: kore in yana tafiya daidai, ruwan ɗorawa in akwai matsala, ja in an ga ba zai kai labari ba a yadda yake. Kamfanin Apple kuma, da Steve Jobs ya koma a 1997 ya tarar da asarar da ta haura dala biliyan ɗaya a shekara, ya soke yawancin kayayyakin da suke ƙerawa ya bar nau'i huɗu na kwamfuta, shekara ta zagayo suka ci ribar dala miliyan 309. Ba zan ɓoye maka ba, an sallami ma'aikata da yawa a wannan gyaran. Amma mu nan ba mu da wanda za mu sallama.

Duk wannan dogon Turanci, kakanka ya san shi. Mai gona biyar da garmar shanu ɗaya ba ya yin kunya biyu a wannan gona ya kwance shanu ya tafi waccan ya yi biyu. Yana duba wadda ta fi laima, wadda ta fi kusa, wadda ciyawa za ta fara cinyewa, ya gama ta, ya wuce gaba. Wata ma ya bar ta saura bana. Ba wanda yake ce masa ya watsar da gonarsa.

To, ta ina kuɗin yake raguwa? Bari in ba ka lissafin da ya buɗe mini ido. A ce muna da birkila ɗaya da yaransa, da ayyuka uku, kowanne na kwana goma. In ya bi su ɗaya bayan ɗaya, na farko ya ƙare a kwana na 10, na biyu a na 20, na uku a na 30. In kuwa muka ce adalci shi ne ya yi kwana ɗaya nan, kwana ɗaya can, to na farko zai ƙare a kwana na 28, na biyu a na 29, na uku a na 30. Na ukun bai ƙaru da komai ba, na farko da na biyu kuwa sun yi asarar kwana 18 da kwana 9. Kuma wannan lissafin bai sa kuɗin ɗaukar kaya daga wannan unguwa zuwa waccan ba, bai sa kwaɓin simintin da yake bushewa a bar shi ba, bai sa ranar da yaran za su ɓata suna neman inda aka ajiye kwano da cebur ba. Taura biyu ba ta taunuwa, balle tara.

Kowace ranar da aiki ya yi a buɗe kuwa tana cin kuɗi, ko da ba a ɗora bulo ɗaya ba. Maigadi yana karɓar albashi. Rodi yana tsatsa, yashi yana bin ruwa, katako yana bin dare. Sannan ga farashi. Kai ka fi ni sanin nawa ka sayi buhun siminti kafin a cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuma ka ga yadda ya haura naira dubu goma a wurare da dama a farkon 2024. Hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce hauhawar farashi ta wuce kashi 34 cikin ɗari a ƙarshen 2024. A irin wannan yanayi, aikin da aka ja shi shekara uku maimakon wata shida an saye shi ne da tsada ba tare da an ƙara masa ko taga ɗaya ba. Akwai kuma ragi na saye: tifar yashi da tirelar siminti da aka saya a dunƙule don aiki guda sun fi araha a kan buhu biyar yau, buhu uku jibi, kowane shugaban kwamiti da nasa dillalin.

Amma abin da na fi so ka duba da kyau shi ne mutane, domin kowa idonsa yana kan kuɗi. Na yi aiki a wata hukuma inda muke da ayyuka da dama a warwatse a ƙauyuka, amma jami'i ɗaya tak ke da ikon zuwa ya auna aikin da ɗan kwangila ya yi ya sa hannu a biya shi, motar zuwa ma ɗaya ce. Kuɗi yana nan kwance a asusu, 'yan kwangila suna zaune a ƙarƙashin bishiya makonni suna jiran sa hannu, leburorinsu sun watse, in an biya su kuma su dawo da takardar neman ƙarin farashi saboda jinkiri. Kowa yana cewa matsalarmu ƙarancin kuɗi ce. Da aka zauna aka rubuta ayyukan duka a allo ɗaya aka ja layi daga kowanne zuwa sunan wanda yake jira, sai ga layukan duka sun haɗu a kan mutum ɗaya. A ƙungiyarmu wannan mutumin sananne ne. Babban birkilanmu ɗaya ne, kuma shi ne a ayyuka bakwai cikin tara. Kai ma, ranka ya daɗe, sa hannunka ake jira a duka taran, ga shagonka, ga iyalinka. Ko yau wani attajiri ya ninka mana asusu sau biyu, hannun birkilan nan biyu ne.

Saura maganar kuɗin da aka riga aka zuba, wadda ita ce ta jawo maka tafi. A nan sai ka yi haƙuri da ni. Kuɗin da ya shiga ƙasa ya shiga, ko mun ci gaba ko mun tsaya ba zai fito ba. Tambayar da ke da amfani ita ce: daga yau nawa ya rage a kashe, kuma me za a samu in an kashe? Birtaniya da Faransa sun yi ta zuba kuɗi a jirgin sama na Concorde bayan an gane ba zai mayar da jarinsa ba, don kawai an riga an kashe da yawa. Guda 20 kacal aka ƙera, aka ajiye su gaba ɗaya a 2003, har sunan jirgin ya zama laƙabin wannan kuskure. Idan aka bi wannan ma'auni, rijiyar da tanki kawai take jira ta sha gaban ɗakin taron da muka fi kashe wa kuɗi, duk da cewa ɗakin taron ne ya fi cika ido.

Sai dai dakatarwa tana da ladabinta, kuma a nan ne take rabuwa da watsarwa. Aikin da za a tsayar a auna inda ya kai a rubuta, a biya leburori haƙƙinsu, a shafe saman bango da siminti don kada ruwa ya shige shi, a kwashe rodi da katako a kai su aikin da ke tafiya a rubuta bashi ne, a kuma sa masa lamba a layi: kai ne na huɗu, kai ne na biyar. Wannan ma yana cin ɗan kuɗi, ban musa ba.

Na san abin da ba ka faɗa a taro ba. Unguwar da aka tsayar da aikinta za ta ce an nuna mata bambanci, ta daina ba da gudummawa, kuma ƙofarka za a zo a buga, ba tawa ba. Wannan haɗari ne na gaske, kuma lissafi ba ya maganinsa. Abin da na ga yana rage shi shi ne a yarda da ma'aunin kafin a ambaci sunan kowane aiki: mutum nawa zai amfana, nawa ya rage a gama shi, me zai lalace in ya jira damina ɗaya. Kada wanda ya kawo aiki ya zama shi ne mai ba shi maki. A karanta jerin a masallacin Juma'a, a liƙa shi a ƙofar mai gari. Kuma a rufe ƙofar buɗe sabon aiki har sai ɗaya ya ƙare, ko da wani babban baƙo ne ya zo ya yi alkawari a gaban kyamara. Gudummawar da aka ba da takamaimai don wani aiki kuwa amana ce, ba za a juya ta ba sai an je an nemi izinin mai ita.

Kada kuma wani ya zo ya sayar mana da manhajar kwamfuta a kan wannan. Ayyuka tara, fallen takarda ɗaya ya ishe su, da zaman awa ɗaya kowane wata.

Ina neman alfarmar ka ba ni ranar Asabar bayan azahar in zo shago, ka fito da littafin asusu, mu kira birkila ya gaya mana gaskiyar kwanakin da kowane aiki yake buƙata. Mai yiwuwa in mun gama lissafin ya nuna huɗu za a iya ɗauka, ba uku ba, ko kuma ukun da na zaɓa ba su ne ba, sai in tashi gaban jama'ar da suka yi maka tafi in faɗi haka. Ɗakin karatun unguwarmu, wanda ni na kawo shawararsa kuma na zuba masa buhu ashirin daga aljihuna, yana cikin shidan da na ce su jira. Mutanen gidanmu ba su yi mini magana ba tun ranar taron.

A gaida Hajiya da yara.

Ɗanka,
Injiniyan kwamitin ayyuka