Allurar rigakafi da rikiɗar ƙwayoyin cuta: a ba da labarin kajin nan cikakke

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a jaridarka domin in tsoma baki a wata magana da ta shafi sana'ata. Ni malamin dabbobi ne da ya ajiye aiki, kuma yawancin aikina a kan kaji na yi shi, tun daga gidan ƙyanƙyasa har teburin da ake feɗe kaza a ga abin da ya kashe ta. Kwanakin nan 'yan uwa na ta turo mini wani saƙon murya da ke yawo a WhatsApp, wai masana sun tabbatar allurar rigakafi ce ke ƙara wa ƙwayoyin cuta ƙarfi, hujjarsu kuwa kaji. Na kuma ji wani ma'aikacin lafiya yana amsawa da cewa ƙarya ce tsagwaronta. Amsar nan tasa ta fi saƙon muryar damuna. Labarin kajin ya faru, a rubuce yake, kuma ranar da mutum ya gano an musanta masa abin da ya faru, daga ranar ba zai ƙara sauraron likita ba ko da gaskiya ya zo masa da ita.

Cutar da ake nufi ita ce cutar Marek. Sunan wani likitan dabbobi ɗan ƙasar Hangari ta ci, József Marek, wanda ya fara bayaninta a 1907. A zamaninsa ba wata babbar annoba ba ce: manyan kaji ƙalilan ne ƙafa ke shanye musu. Duk wanda ya taɓa ganin kazar da ta kamu ba ya mantawa, tana zube a ƙasa, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, fiffike a sake. Ƙwayar bairos ce ke kawo ta. Tana hayayyafa a gindin gashin kaza, ta fito cikin garin fatar da ke zuba kamar amosani, ta gauraya da ƙurar ɗakin kaji, ta yi watanni a nan da ranta, wata kazar ta shaƙa. Daga shekarun 1950 zuwa 1960, lokacin da aka fara cusa dubban kaji a rufi ɗaya, sai cutar ta sake hali. Ta koma kama ƙananan kaji, tana fito musu da ƙari a hanta da saifa da ƙoda, tana kashe su da yawa. A riƙe wannan tukuna: cutar ta fara tsananta tun babu allurar, kuma tsanantar ce ma ta sa aka tashi neman allurar.

An samu ta wajen 1970. A Amurka an yi amfani da wata 'yar uwar ƙwayar da ke jikin talo-talo wadda ba ta cutar da kaza, asara ta faɗi warwas. Bayan kamar shekara goma sai aka fara ganin kajin da aka yi wa allura suna mutuwa. A farkon shekarun 1980 aka haɗa allurar da wani nau'i na biyu, aka samu sauƙi, daga baya wannan ma ya fara gazawa. A shekarun 1990 Amurka ta koma kan allurar Rispens, wadda aka samar a Holan tun shekarun 1970, kuma ita ce jigo har yau. Wani masani, Richard Witter, ya jera nau'o'in ƙwayar da aka tattara tsawon waɗannan shekaru, ya nuna a 1997 cewa na baya-baya sun fi na farko kisa, mataki bayan mataki.

Abin da ya sa aka zargi allurar shi ne, duk allurar Marek da muke da ita tana hana kaza ciwo da mutuwa, amma ba ta hana ƙwayar shiga jikinta, ba ta kuma hana ta zubar da ita. Kazar na cin abincinta, tana ƙwai, tana kuma baza cuta. A al'ada, ƙwayar da ta cika zafi ita ke haƙa wa kanta rami, domin idan ta kashe mai ɗauke da ita kafin ta tsallaka jikin wani, tare za a binne su. Mutuwar mai ɗauke da cuta ita ce linzamin da ke hana zafin wuce gona da iri. Idan allura ta raya kazar ba tare da ta tare ƙwayar ba, an cire linzamin ke nan. Wasu masana, Sylvain Gandon da Andrew Read da abokan aikinsu, su ne suka fitar da wannan lissafi a mujallar Nature a 2001, kuma zazzaɓin cizon sauro ne a ransu a lokacin, ba kaji ba.

Sai a 2015 aka gwada shi a zahiri. Read, daga jami'ar Penn State a Amurka, da Venugopal Nair na cibiyar Pirbright a Ingila, suka ɗauki nau'o'in ƙwayar Marek biyar, daga mai sanyi zuwa mafi zafi, suka sa wa 'yan tsaki masu allura da marasa allura. Mafi zafin ya kashe marasa allurar kakaf cikin kwana goma, kafin su zubar da ƙwayar da za ta kama wani. Masu allura suka rayu, suka ci gaba da zubar da ita, lafiyayyun kajin da aka ajiye tare da su ba allura suka kamu suka mutu. Wato akwai nau'in Marek da a yau ba zai iya wanzuwa ba in ba a cikin kaji masu rigakafi ba. Wannan sakamako ne mai nauyi, kuma ban ga dalilin ɓoye shi ba.

Nan mai saƙon murya ya tsaya. Su masu binciken da kansu sun faɗa cewa gwajinsu bai tabbatar da allura ce ta haifar da zafin ba. Abin da ya nuna shi ne tana ba nau'i mai zafi damar rayuwa. Akwai wasu masu laifin. Kazar nama da a da take kaiwa mako goma, yanzu a mako shida ake yanka ta, kuma ƙwayar da ta san ɗakinta na ɗan lokaci ne, gaggawa ce ribarta. Ga cunkoso, ga ƙurar da ba a sharewa tsakanin zubi da zubi. A 2020 kuma masana na cibiyar Roslin a Sukotilan tare da wasu na Amurka suka sake wani gwaji, suka ga kajin da aka yi wa allura ba su kai marasa allura zubar da ƙwaya ba, kuma marasa allurar da suka kamu daga wurinsu ciwonsu ya fi sauƙi, mutuwarsu ta fi ƙaranci. Ita kuwa Rispens ta kai shekara talatin tana riƙe da ragamar. Cikin masu kiwon da suka karanta binciken 2015, ban san ko ɗaya da ya daina yi wa 'yan tsakinsa allura ba. Wanda ya daina, shi zai kwashe gawa.

Akwai kuma laifinmu na masu sana'a, wanda ba ya shiga mujallar kimiyya. Allurar Marek mai ƙarfi cikin ruwan naitirojin ake ajiye ta, a sanyin da ya kai 196 ƙasa da sifili, kuma da an narkar da ita sai a yi amfani da ita nan take. Na sha ganin gidan ƙyanƙyasa da ake barin ta a tebur ana hira, na ga inda ake tsinka kwalbar 'yan tsaki dubu a yi wa dubu biyu, don a rage kashe kuɗi. Sannan a kwashi 'yan tsakin a zuba a ɗakin da ke cike da ƙurar zubin baya, alhali garkuwar na buƙatar mako guda ko fiye kafin ta kankama. Rabin kariya irin wannan, mu muke ƙera ta da hannunmu.

To yaya batun mutane? Kafin abin da ya faru da kaji ya faru da wata cuta, dole ne mutuwa ce ke katse mata yaɗuwa tun farko. Korona ba haka take ba. Mai ɗauke da ita ya fi baza ta a kwanakin farko, wani lokaci tun kafin ya ji ciwo, wanda kuma ajali ya cim masa sai bayan makonni, lokacin da ƙwayar ta riga ta yi gaba. Babu linzamin da allura za ta cire. Kalanda ma ba ta goyi bayan mai saƙon ba: nau'in Alfa ya ɓulla a Ingila a watan Satumba na 2020, Delta a Indiya kafin ƙarshen shekarar, alhali Ingila ba ta fara yi wa jama'a allura ba sai 8 ga Disamba, 2020. Omikron da ta ɓulla a Nuwamba 2021, bayan an yi wa biliyoyin mutane allura, ta ƙware wajen zille wa garkuwa amma ba ta kai Delta kisa ba. A 2021, da aka fara yawo da bincikensa don hana mutane allurar korona, Read ya fito ya ce an murɗe masa magana. Wani lissafi da mujallar Lancet ta cututtuka masu yaɗuwa ta buga a 2022 ya ƙiyasta cewa allurar ta hana mutuwar mutum miliyan 14 zuwa kusan 20 a shekararta ta farko.

Wani abin da ake mantawa, garkuwar da mutum ke samu bayan ya yi jinya ya warke ita ma sau da yawa ba cikakkiya ba ce, kuma ƙwaya ba ta tambayar daga ina garkuwa ta fito. A 1950 aka saki cutar miksoma a Ostireliya don rage zomayen da suka addabi gonaki. Da farko tana kashe fiye da 99 cikin 100, sai nau'o'i masu matsakaicin zafi suka rinjaya, sai zomaye suka ƙara juriya, sai ƙwayar ta sake yin zafi. Babu wanda ya yi wa zomayen daji allura.

Ban ce alluran mutane ba su taɓa juya akalar ƙwayar cuta ba. Sun juya, sai dai yawanci ta fuskar zillewa ne, wanda ya bambanta da ƙarin kisa. Da Amurka ta fara allurar ciwon huhun yara mai nau'i 7 a 2000, wasu nau'o'in bakteriyar da ba ta rufe ba suka cike gurbin, musamman 19A, sai aka faɗaɗa ta zuwa nau'i 13 a 2010, kuma duk da cike gurbin yaran da ke kamuwa da mummunan ciwon sun ragu sosai. Sabuwar allurar tarin shiƙa da ƙasashen Yamma suka koma kanta a shekarun 1990 tana kare yaro daga ciwo fiye da yadda take hana yaɗuwa, kuma nau'o'in da suka yar da ɗaya daga cikin sinadaran da take hari sun yawaita. A kaji ma, murar tsuntsaye ta yi ta sauya kama a Meziko da Masar da Sin ƙarƙashin allura, shi ya sa Sin ke sabunta tata lokaci-lokaci. A ɗaya gefen, allurar ƙyanda tana aiki tun 1963 ƙwayar ba ta kufce mata ba, allura ce ta shafe agana daga doron ƙasa a 1980, ita ce kuma ta shafe ciwon bushiya na shanu a 2011. Dalili biyu ke sa ƙwaya ta fi saurin gagarar magani a kan allura. Magani yakan zo ne bayan ƙwayar ta hayayyafa ta cika jiki, ga masu rikiɗa birjik a cikinta, allura kuwa tana jiranta a bakin ƙofa tun tana 'yar kaɗan. Sannan magani wuri ɗaya yake duka, garkuwar jiki kuwa wurare da yawa a lokaci guda.

Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Abin da nake so hukumomin lafiya su riƙa yi shi ne, duk sabuwar allura a auna abu biyu, a kuma faɗa wa jama'a duka biyun a fili: nawa take hana ciwo, nawa take hana yaɗawa. Rashin bambanta waɗannan ne ya sa mutane suka ji an yaudare su da suka ga masu allurar korona na kamuwa. Alluran zazzaɓin cizon sauro biyu da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, RTS,S a 2021 da R21 a 2023, ba cikakkiyar kariya suke bayarwa ba, amma suna tare ƙwayar ne kafin ta shiga hanta, kuma a lissafin su Gandon na 2001 ba irin wannan ce abin tsoro ba. Waɗanda ake ƙoƙarin haɗawa don yaƙar ƙwayar bayan ta shiga jini daga hanta su ne ke buƙatar sa ido, domin a 2012 an gwada irinsu a ɓeraye, ƙwayar da ta ratsa ta jikin masu allura ta fito da ƙarin zafi.

Sa idon kuwa aiki ne na ɗakin gwaji, a riƙa karanta ƙwayoyin halittar cutar shekara da shekaru, kamar yadda Witter ya tara nasa samfuran har aka ga yadda zafin ke ƙaruwa. Yana buƙatar kuɗi, yana kuma buƙatar a daina hukunta mai faɗin gaskiya. Masanan Afirka ta Kudu da Botsuwana ne suka gano Omikron suka sanar da duniya cikin kwanaki, ladar da ƙasashensu suka samu shi ne aka rufe musu hanyoyin jiragen sama. Ƙasar da ta kalli haka za ta yi jinkiri kafin ta ba da rahoton nau'i na gaba.

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridar albarka.

Naka,
Wani tsohon malamin dabbobi