Sabulun da ya ƙi kamawa ba na bola ba ne

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana mata masu haɗa sabulu a gida, da kuma masu zuwa koya mana sana'ar.

Kwanakin baya na shiga gidan maƙwabciyata a nan Mabera, na yi kiciɓis da ɗiyarta ta ɗauko baho za ta kai bola. Sabulu ne cike, na man ja da alayyadi, ya kwana uku bai kama ba, mai yana tsatsafowa a samansa kamar miyar da ta huce. Na ce, “Ke, sauke bahon nan!” Uwar na zaune bakin ɗaki idonta ya yi ja, don kuɗin adashinta ne kaf a ciki. An koya mata haɗi a taron kwana uku, an ba ta takardar shaida, amma ba wanda ya faɗa mata abin yi ranar da haɗi ya ɓaci.

Da na ce uwar ta kawo mini sodarta, wato kostik soda da ake haɗawa da mai ya zama sabulu, sai ga ta cikin leda a buɗe, ta dunƙule ta yi danshi. Soda tana zuƙar laimar iska, ƙarfinta ya ragu, sai mai ya fi ƙarfinta. Ga kuma awo da gwangwanin madara. Kowane mai da sodar da yake ci: kilo ɗaya na man kaɗanya kusan giram 128, man ja wajen 142, man kwakwa kuwa ya haura 180. Wadda ta canza mai saboda tsada ta bar soda yadda take, ko dai sabulu ya yi laushi, ko ya fito yana marmashewa yana cin hannu. Shekara tara ina wannan sana'a, kuma ban daina asara ba sai da na sayi ƙaramin sikeli.

Ga yadda muka ceto nata. Muka juye shi a tukunyar ƙarfe mara tsatsa, muka ɗora ta cikin wata babbar tukunya mai ruwan zafi, don kada wuta ta taɓa shi kai tsaye ya ƙone. Muka jiƙa sabuwar soda, muna zubawa kaɗan kaɗan muna tuƙawa da muciya, har ya yi kauri kamar talge, man ya ɓace. Idan kuma soda ce ta yi yawa, a goge sabulun da abin gogar kuɓewa, a yayyafa ruwa kamar rabin kofi a kilo guda, a narkar, sai a riƙa ƙara mai. Bayan ya sha iska, ki jiƙa yatsa ki shafa, ki ɗan taɓa a kan harshe. In ya tsarge ki kamar kin lasa batir, da sauran aiki. Wanda aka narkar ba ya yin sumul kamar na farko, amma kumfarsa na nan.

Don Allah kada a yi wannan aiki a tukunyar dalma irin ta girkinmu. Soda na cin alminiyon, tukunya ta lalace, sabulu ya ɓaci.

Akwai kuma abin da ba lalacewa ba ce sam. Farin garin nan da ke hawa saman sabulu kamar ƙurar hunturu, soda ce ta haɗu da iska. A kankare ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Zufar da yake yi da damina, giliserin ne, wani sinadari da ke cikin sabulun, ke jan laima. Sannan shawarar nan ta lulluɓe haɗi da bargo ta ƙasashen sanyi ce. A Sakkwato, cikin Afrilu da zafi ke wuce digiri 40, lulluɓewa ke sa sabulu ya kumbura ya tsage ta tsakiya. Wanda dai mansa ya tsufa, ya yi ɗigon ruwan goro yana ƙarni, narkarwa ba ta raba shi da wari. Wannan na wankin tsumma da daɓe ne. Gutsattsarin da ke saura wajen yanka kuwa, ni tara su nake a roba, in jiƙa, su zama na wanke-wanke.

Roƙona ga ƙungiyoyi da hukumomin da ke shirya horo, su ƙara yini ɗaya na gyaran haɗi, su sa sikeli da safar hannu cikin kayan da suke rabawa. Su nanata cewa soda ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kan soda ba, kuma kada a taɓa ajiye ruwanta a gorar ruwan sha, don yaro ba ya bambance su, kuma kurɓa ɗaya na ƙona maƙogwaro.

Sabulun maƙwabciyata yanzu yana jere a kan katako a inuwar zaure. Na ce mata ta bar shi ya cika mako huɗu kafin ta fara kai wa masu shago.

Wata mai sana'ar sabulu,
Mabera, Sakkwato