A Shata Wa Motar Kashe Gobara Hanya, A Hana Fakin A Kanta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ba mu fili a wannan jarida mai farin jini mu yi kira ga shugabannin ƙananan hukumomin cikin birnin Kano, da hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta KAROTA, da hukumar tsara birane ta KNUPDA, da hukumar kashe gobara ta jiha, tun hunturu bai kankama ba.

Duk sanda wuta ta tashi a kasuwa ko asibiti ko makaranta, abin da jama'a ke cewa bai wuce biyu ba: "'yan kwana-kwana ba su zo da wuri ba," ko kuma "sun zo ba ruwa." Akwai ranar da hakan gaskiya ne. Amma sau da yawa motar ta iso tun tuni, tana bakin layi tana ta jiniya, a gabanta ga wata mota a kulle, mai ita ya shige ciki sayayya, gefe ga adaidaita sahu uku, ga teburin mai lemo, ga baron ɗan dako. Matasa su taru su ciccibi motar su kawar, kafin a gama an ɓata minti goma. Shago mai cike da katifun soso ko atamfa da leda ba ya ba ka minti goma. Kafin minti biyar ma yana iya kamawa gaba ɗaya. Wanda ya ga abin da wuta ta yi wa kasuwar Sabon Gari a watan Maris na 2016, ko babbar kasuwar Sakkwato da ta Katsina a 2021, ko Monday Market ta Maiduguri a Fabrairun 2023, ya san yadda take gudu a inda kaya ya cushe.

Roƙonmu shi ne a yi doka ƙarara: kowane ginin da jama'a ke taruwa, asibiti ne ko kasuwa ko makarantar kwana ko sakatariya ko zauren biki ko masallacin Juma'a, a shata masa hanyar motar kashe gobara, a yi mata alama, a kuma hana ajiye komai a kanta dare da rana. Ƙananan hukumomi suna da hurumin yin wannan, domin Jadawali na Huɗu na tsarin mulkin 1999 ya ɗora musu kula da kasuwanni da tashoshin mota da titunan cikin gari.

Sai dai dokar da ba ta da awo ba ta hana komai, don haka ga awon. Motar kashe gobara faɗinta ya kai mita 2.5, da madubai ta doshi 3. Ka'idar gini ta Ingila ta ce hanyar kada ta gaza mita 3.7, ƙofar shiga kuma mita 3.1, sannan idan hanyar ba ta ɓulle ba kuma ta wuce mita 20, dole a yi wurin juyawa. A Amurka ka'idar da yawancin garuruwa ke bi ta fi yalwa: faɗin ƙafa 20, wato kimanin mita 6, da sarari a sama na kusan mita 4.1, kuma kowane ɓangare na bangon ginin kada ya yi wa inda motar za ta tsaya nisan da ya wuce mita 45. Idan ginin mai tsawo ne da za a kafa masa motar tsani, faɗin ya koma kusan mita 8, saboda motar tana miƙe ƙafafun ƙarfe hagu da dama kafin ta ɗaga tsanin.

A ganinmu mita 6 ɗin nan ne ya dace da Kano, ko da yake mun san za a ce ya yi yawa. A Ingila mota tana tsayawa ta jona da famfon kashe gobara na bakin titi, ruwa ya yi ta zuwa ta ƙarƙashin ƙasa. Mu a nan ruwan a kan taya yake zuwa. Ɗauki motar da tankinta ke cin lita 4,000. Mesa ɗaya mai fitar da lita 500 a minti za ta zuƙe shi cikin minti 8. In aka buɗe biyu, minti 4. Daga nan dole motar ta fita ɗebo wani, ko tanka ta shigo ta ba ta. Ke nan hanya ɗaya tana bukatar mai shiga da mai fita a lokaci guda. In hanyar ta mota ɗaya ce, wadda ruwanta ya ƙare ita ce za ta toshe wa mai ruwa, sai direba ya yi ta baya-baya cikin hayaƙi da cunkoson 'yan kallo. A nan ne ake samun tazarar nan da wuta ke sake tashi bayan an fara cin ƙarfinta, jama'a kuma su ce an zo ba ruwa. Inda mita 6 ba zai samu ba, kamar tsofaffin layukan kasuwa, to a tabbatar hanyar ta ɓulle: a shiga ta wannan ƙofa, a fita ta waccan, kada a yarda da layi mai toshewa.

Wani zai ce ai sai motar ta tsaya daga nesa a ja mesa. Mesa guda tsawonta mita 20 zuwa 30 ne. Mota ta tsaya a nisan mita 200, sai an jona bakwai zuwa goma, kowane jonawa yana cin lokaci, kuma ƙarfin ruwa yana raguwa gwargwadon tsawon da ya bi. Ga babura suna taka ta, ga mahaɗa tana yoyo. Abin da zai isa bakin wutar bai kai abin da ya bar famfon motar ba.

Akwai abubuwa uku da ake mantawa da su ko da an share hanya. Ƙasan hanyar: lita 10,000 na ruwa tan 10 ne, ban da nauyin tankar kanta, amma sau da yawa a bakin ƙofar gini za ka tarar da siririn murfin siminti a kan lambatu wanda don ƙananan motoci aka zuba shi. Taya ta burma a nan, an rufe hanyar ke nan har sai an kawo janwe. Sai saman hanyar: wayoyin lantarki da na janareto da suka yi lilo, da rumfar kwano da aka ƙara a gaban shago, da baka mai ado da ake ginawa a kan ƙofar makaranta ko asibiti ba tare da an auna tsayinta ba. Na uku ƙofa ce da aka ɗaure da sarƙa da kwado, makulli yana aljihun maigadin da ya tafi cin abinci. Wuta a kasuwa ta fi tashi da dare, lokacin da ƙofofin suke a garƙame. Ya kamata dokar ta ce a ajiye makulli na biyu a ofishin kashe gobara mafi kusa, kuma ta ba ma'aikata ikon datse kwado ba tare da an bi su bashin komai ba.

Alamar kuwa a yi ta yadda wanda bai yi boko ba ma zai gane: jan fenti a gefen hanya daga farko har ƙarshe, da allo mai hoton motar kashe gobara kowace mita 25 ko 30, a rubuce da Hausa da Turanci, da ajami in so samu ne. Fentin titi a nan ba ya daɗewa saboda ƙura da rana, a sa sabunta shi cikin kasafin kowace shekara. A kusurwoyin da aka san direbobi ba sa jin kira, a kafa turakun ƙarfe a gefe, domin babbar mota sai ta buɗe kafin ta sha kwana, kuma mota ɗaya da aka ajiye a kan kwana ta isa ta hana ta shiga ko da sauran hanyar fayau take.

Lafazin dokar ma a kula da shi. In aka rubuta "an hana fakin" kawai, direba zai ce ai yana cikin mota, mai sauke kaya zai ce minti biyu ne, mai tebur zai ce shi ba mota ba ne, mai biki zai kafa rumfa da kujeru ya ce na yini ɗaya ne. A ambace su duka da suna: tsayawa, lodi da sauke kaya, kasa kaya, kwantena, rumfar taro, jibge yashi ko bulo. Kuma kada a keɓe kowa. Motar shugaban ma'aikata da ta babban likita da ta mai rakiyar ɗan siyasa su ne suka fi son inuwar bakin ƙofa, kuma da zarar an ƙyale ɗaya, maigadi ba shi da bakin hana na biyu.

Batun hukunci, tara kaɗai ba ta buɗe hanya. A Jamus tarar ajiye mota a irin wannan hanya Yuro 55 ce, ta koma 100 idan ta tare motar agaji, amma abin da direbobi suka fi tsoro shi ne a ja motar nan take kuma su biya kuɗin jan. Haka ya kamata a yi a nan: janwe a kusa da manyan kasuwanni da asibitoci, kuɗin tara a rubuce a jikin allon, biya ta banki da rasit. In aka bar shi a hannun ciniki tsakanin jami'i da direba, jan fentin zai zama wurin karɓar na goro, motar kuma tana nan inda take.

Adalci kuma shi ne kada a kori mutum ba a nuna masa inda zai koma ba. A ware wa 'yan kasuwa wurin sauke kaya da lokacinsa, a ba masu adaidaita sahu wurin jira nesa kaɗan da ƙofa, masu tebur a zauna da shugabanninsu a matsar da su, kada a wayi gari kawai a kwashe musu kaya. Ranar Juma'a kwamitin masallaci da 'yan agaji su bar layi ɗaya a buɗe. Sun saba tsara sahu, wannan ba zai gagare su ba.

Kafin a ce an gama shata kowace hanya, a kawo babbar motar da hukumar kashe gobara take da ita, cike da ruwa, ta shiga ta fita a ranar kasuwa da tsakar rana, sannan a maimaita da dare bayan an rufe ƙofofi. Duk inda ta tsaya, a rubuta abin da ya tsayar da ita da wanda alhakin gyarawa ke kansa, a ba shi wa'adi. A riƙa yin wannan gwaji sau biyu a shekara, ɗaya a watan Oktoba, ɗaya kuma gab da azumi lokacin da kaya ke cika kasuwa.

Wassalam.

Daga wasu injiniyoyin gini da tsofaffin ma'aikatan kashe gobara, Kano.